Jan Murfi a Keken Shaho

Da hantsi aka tsinci Shaho a cikin rami, a ƙarƙashin kwanar gangaren dutse, kansa a fashe duk da hular kwano, kekensa na tsere a yashe a gefensa. Kafin motar asibiti ta shigo da shi gari labari ya riga shi isowa, kuma labarin bai zame ko'ina ba sai ƙofar shagonmu.

Shaho shi ne gwanin ƙungiyar masu tseren keke ta garinmu, yaron da kowa ke taƙama da shi. Mijina ke gyara musu kekuna, ni kuma ina kama masa da caji da wankin sarƙa. A saman shagon muke zaune da 'ya'yanmu biyu. Matakala ɗaya ce, kuma ta cikin shagon ta bi.

Keken Shaho ba irin wanda ake jan waya a canza giya ba ne. Madanni ne a hannun keken. In ka taɓa, wani ɗan inji a gaba ko a baya ya yi zit, ya tura sarƙa daga wannan faranti mai haƙora zuwa wancan. Kowane inji da batirinsa, ɗan ƙarami kamar gidan ashana, da yatsa ake ɓalle shi. In an cire, akwai jan murfin roba da ake maƙalawa a gurbin don kada datti ya shiga. Babu batir, giya ba ta motsi, inda ta tsaya nan za ta kwana.

To, da aka ɗago keken daga rami, babu batir ko ɗaya. Jajayen murafu biyu ne zaune daram a gurbinsu, kamar yadda ake gani a shagon gyara. Ga shi jiya jiya keken ya bar hannun mijina, bayan an yi cacar baki a gaban jama'a. Shaho ya ce giyar tana tsalle, ya kira mijina ɗan faci. Mijina kuwa, da bakinsa ya fi sifanarsa sauri, ya ce masa, "Ka ci gaba da raina masu gyara, wata rana keken nan zai koya maka hankali." Magana zarar bunu ce. Da safe babu wanda bai haddace ta ba.

Wan Shaho, wanda kowa ke kira Babban Yaya, shi ya jagoranci mutane zuwa shagon. Shi ke tuƙa motar ƙungiya a bayan ƙaninsa in ana atisaye, amma ya ce yau ciwon kai ya hana shi fita.

"Ya sallami yaro babu batir," in ji shi, yana nuna mijina. "Ya zo gangara, giya ta ƙi, ya rikice."

Yawancin waɗanda suka biyo shi ba su san bambancin giya da birki ba, amma kowa ya gyaɗa kai. Da ƙyar Sufeton 'yan sanda ya zare mijina daga hannunsu, rigarsa a yage, ya kai shi bayan kanta, ya ce can ya fi masa lafiya. Babban Yaya ya dire jarkar fetur a bakin ƙofarmu. Ya matso har ina ganin gutsurarren haƙorinsa na gaba.

"In ƙanena ya cika," ya ce a hankali, "ba za a kwana da shagon nan ba. Shi ma mijinki ba zai dawwama a bayan kanta ba."

Ba wannan ne ya fi kashe min jiki ba. Mahaifiyarsu ce ta tsaya a kan hanyarta ta zuwa asibiti, ta dube ni, matar da nake rusuna wa kullum, ta ce, "Allah ya isa." Ta wuce. Na roƙi maƙwabciyata ta riƙe min yara, ta ce ɗakinta ya cika. Sai a tasi na tura su wata unguwa wajen ƙawata, sannan na kira Kawu a waya.

* * *

Kawu wan mahaifiyata ne, mai bin sawu. In an sace shanu ko mutum ya ɓata a daji shi ake nema, har 'yan sanda. Tun ina ƙarama yake kirana Barkono, kuma ban taɓa ba shi dalilin dainawa ba. Ya same ni a harabar ofishin 'yan sanda, inda aka jingine keken.

"Barkono, yau ba ki da yaji," ya ce.

"Kawu, kashe shi za su yi."

"Ba su kashe ba tukuna. Zo ki karanta min wannan abu, ni rabona da keke tun yana da ƙararrawa."

Sufeto ya san shi, ya bar shi ya duba. Kawu ya tsuguna ya daɗe bai taɓa komai ba. Can ya tambaya, wanda ya faɗi a gangara, wace taya ce ke fara shan duka. Na ce ta gaba. Ya juya ta gaba, ta yi ta gudu sumul. Ta baya kuwa a lanƙwashe take, kamar an danno ta daga baya. Ya kankaro wata jar ƙasa daga robar hannun keken ya murza a yatsa.

"Wannan sarƙar fa, nan ne gidanta?"

Sai a lokacin na kalle ta da idon aiki. Tana kan faranti mafi girma na baya.

"Wannan giyar hawa ce," na ce. "Ba mai sauka gangara da ita, ƙafa za ta yi ta juyawa a banza. Kuma mijina bai taɓa sallamar keke ba sai sarƙa tana kan ƙaramin faranti. Ni na turo wannan waje jiya. In da babu batir, wa ya hau da ita can?"

Sufeto ya yi ajiyar zuciya. "Maganarki da ma'ana, amma maganar matar mutum ce. In na fita na gaya wa mutanen can faranti babba da ƙarami, da ni za su haɗa."

Kawu ya ɓalle jan murfin baya, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya kai shi kusa da ido. Ya mayar da shi gurbinsa.

* * *

Ramin da aka tsinci Shaho ya zama kamar an ci kasuwa a ciki, 'yan kallo sun tattake ko'ina. Kawu ya yi tsaki. Ya fara hawa kwalta ya duba kwanar, babu sawun birki. Ya sauka, ƙasar ramin baƙar laka ce, ba ja ba. Jinin da ke wurin kaɗan ne, bai kai na fasasshen kai ba.

Daga nan ya bar tsakiya ya riƙa zagaye nesa nesa, har ya kama sawun wani takalmi da aka yanko daga tsohuwar taya, wanda ya bar ramin ya bi gefen kwalbati. Muka bi shi ta cikin ciyawa har wata rumfa da aka tara ƙarafa da gwangwanaye. Wani mutum yana zaune a ciki, ga tabarau na Shaho a goshinsa.

Ban san sanda na cakumi wuyan rigarsa ba.

"Ina batiran? Kai ka kashe shi!"

"Sake shi," in ji Kawu. "Malam, mai tsintar ƙarafa ne kai?"

"Ni ne, Baba. Wallahi a kwance na same shi. Ni na tare mota aka kai labari. Tabarau ɗin, sharrin zuciya ne, ga shi." Ya miƙo shi. Da na kwatanta masa batir ya girgiza kai, ya ce shi dai jajayen abubuwan nan ya gani, kuma roba ba ta da nauyi a sikeli.

"Ka ji ƙarar faɗuwa?"

"Abin da ya ba ni mamaki ke nan. Tun da safe ina cikin kwalbatin ina tonon wani ƙarfe. Ban ji faɗuwa ba. Mota dai na ji ta tsaya a sama, aka ja ƙofa, irin mai zamewar nan. Aka jima aka sake ja. Na ɗauka masu zubar da shara ne, shi ya sa na fito dubawa."

Na saki rigarsa da ƙyar, don na riga na sa rai an gama. Muka koma ramin. A leɓen kwalbatin, inda 'yan kallo ba su taka ba saboda santsi, Kawu ya nuna min takalmi ɗaya ya sauka sau biyu. Na farko dunduniya ta nutse sosai, na biyu ƙasa da ƙyar ta ji shi.

"Ya sauko da mutum, ya koma ya sauko da keke," ya ce. "Ke kin ce giyar hawa. To ina hawan yake?"

* * *

Hawan yana ɗaya gefen dutsen, inda bakin hanya jar ƙasa ce. Muka bar babur ɗin Kawu muka taka. Yana tafe kamar mai neman allura, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa. Wayata ta yi ƙara. Ƙawata ce. Ta ce an shiga da Shaho ɗakin tiyata, ana cewa numfashi yana ɗaukewa, kuma samari sun fara taruwa a ƙofar shagon, har an ƙaro jarka.

Na ga matakalarmu a idona tana ci da wuta, na ga mijina a hannunsu.

"Kawu, don Allah ka ɗaga ƙafa. Kana tafiya kamar mai rakiyar hawainiya, mutum yana mutuwa."

"Sauri ya haifi nawa. In na wuce wurin, komawa ya fi tsawo."

Na bi bayansa ina kuka. Da farko ya ɓata mana lokaci a kan sawun wata tifa da ta kauce hanya, har ya fara cewa ko direban ɗiban dutse ne. Da ya duba da kyau ya ce na jiya ne, raɓa ta sauka a kai. Kusa da saman tudu ya tsaya cak. Tururuwa sun yi cincirindo a kan wani wuri da aka share da gefen takalmi. Ya sa tsinke ya buɗe ƙasar, jini ne a ƙasa, mai yawa. Ga ƙarcen feda a bakin kwalta. Ga inda mota ta sauka daga hanya ta tsaya.

"Taya uku iri ɗaya," in ji Kawu, "ta baya ta hagu zanenta dabam."

Na san wannan taya. A ƙofar shagonmu aka ɗaura ta da tsohuwar ta fashe, mijina har yana yi musu tsiya cewa motarsu ta sa takalmi wari da wari.

"Motar ƙungiya ce," na ce. "Ƙofarta mai zamewa ce."

"Wa ke da makulli?"

"Koci, mai horar da su. Babban Yaya. Da Na-biyu."

* * *

Na-biyu ya samo sunansa ne daga bin bayan Shaho a kowace gasa. In Shaho ya kwanta, shi za a tura babbar gasa ta bana, kuma kowa ya san yana so. Muka same shi a bayan gidansu yana wanke kekensa. Da ya gan mu soso ya faɗi daga hannunsa.

"Yau ban fita ba," ya ce, tun kafin a tambaye shi.

Kawu ya kalli ruwan da ke gangarowa daga tayar, ja wur. "Ɗana, a tsakar gidanku jar ƙasa ce?"

Na-biyu ya zauna a kan bokiti. Ya ce ya fita, tsoro ne ya sa shi ƙarya, don ya san in an saki bakanike shi za a kama. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kafin dutse Shaho ya cim masa.

"Ya jero da ni, ya dube ni ya yi dariya, ya danna giya sau biyu, zit zit, don in ji, ya wuce. Haushi ya sa na juyo gida. Ban ga mota ba."

"Ka ji zit ɗin da kunnenka?" na ce. "Ka san da batir ya fita, ka bari aka yage rigar mijina?"

Ya sunkuyar da kai. Da Kawu ba ya wurin da na kifa masa bokitin.

Kawu ya zagaya keken Na-biyu yana neman batir bai gani ba. Na-biyu ya ce nasa wani iri ne, batir ɗaya ne dogo, a ɓoye cikin bututun sirdi, ba a cire shi, waya ake jona masa. Shi bai taɓa mallakar jan murfi ba.

A kan babur Kawu ya juyo da kai. "Yaron nan yana da makulli, yana da dalili, kuma ya yi ƙarya. Ban wanke shi ba. Amma gaya min, Barkono. Batir da ya yi tsalle a hatsari ba ya barin murfi a bayansa. Ɓarawo ma ba ya rufe tukunyar da ya kwashe. Ban da shagon gyara, me zai sa mutum ya cire batir ya sa murfi?"

"In za a sa keken a mota," na ce. "Motsi ke tashin injinan. In mota tana girgiza keken sai ya ɗauka tuƙa shi ake yi, ya ƙi barci, ya zuƙe cajin a banza."

"Cikin ukun nan wa ke yin haka?"

"Kamata ya yi kowa ya yi. Ni a shago nake, ban taɓa binsu hanya ba."

"To bari mu gani da idonmu."

* * *

Da la'asar Sufeto ya tara su a harabar ofis, ya sa aka kawo motar ƙungiya, tana ƙyalli don ta sha wanki. Samarin da ke ƙofar shagonmu suka biyo ta, suka cika bakin ƙofa har da jarkokinsu. Daga asibiti babu labari, kuma duk wayar da ta yi ƙara a cikin taron sai na waiga. Ta tagar ofis ina hango mijina, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu.

Kawu ya sa na ɗauko batir biyu na shago na ɗaura wa keken Shaho. Jajayen murafun ya ajiye su a bakin ƙofar mota, kamar wanda ya manta.

"Shaho bai faɗi a gangara ba," ya ce da ƙarfi yadda na waje za su ji. "A hawa aka buge shi daga baya, aka ɗauko shi aka ajiye a rami. Yanzu za mu je in nuna muku wurin. Koci, taimaka ka sa keken a mota."

Koci, dattijo mai tumbi, ya ɗaga keken ya tura ciki. Kawu ya ce a'a, ba haka ba, a sauko da shi, zai danne wurin zama. Ya ce Na-biyu ya gwada. Na-biyu ya ɗauka a karkace, har feda ta bugi ƙofa.

"Sake keken ƙanena," in ji Babban Yaya. Gumi ya jiƙa masa riga. Tun da aka ambaci hawa idonsa bai tsaya wuri ɗaya ba. "Kuna jifa da shi kamar buhun gawayi."

Ya fizge keken ya jingina a cinyarsa. Bakinsa bai daina zagi ba, idonsa yana kan Kawu, amma hannunsa ya kama aikinsa. Ya lalubo jan murfi ɗaya ya cije a haƙori, ya ɗauki ɗayan, ya ɓalle batirin gaba, ƙas, ya rufe. Ya ɓalle na baya. Ya miƙa hannu cikin aljihun ƙofar mota zai jefa su, sai ya tsaya, murfin yana bakinsa.

Kawu ya matsa ya zare murfin daga haƙorinsa a hankali, ya miƙa wa Sufeto.

"Ranka ya daɗe, shafa gefen nan. Sawun haƙori ne, tsoho a kan tsoho, kuma ɗaya haƙorin gutsurarre ne. Tun da rana na gan shi, ban san mai shi ba. Sai kuma ka duba aljihun ƙofar."

Sufeto ya zura hannu ya fito da batir biyu. Na gane su tun daga nesa, ni na yi musu caji jiya.

Koci ne ya fara magana. Ya ce shekarun baya sun yi doguwar tafiya zuwa gasa, Babban Yaya ya loda keken da batiransa a jiki. Suka isa babu caji, Shaho ya rasa gasar, ya daɗe ba ya yi wa wansa magana. Tun daga ranar ko a mafarki aka ce ya ɗauki keke sai ya cire batir.

Babban Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar nan wari.

"Ina bayan Shaho da mota, sai ya nemi ruwa," ya ce. "Ya ɗaga hannu kamar kullum. Gorar ta gangara ƙarƙashin kujera, na sunkuya in ɗauko. Ban fi ƙiftawar ido ba. Na girgiza shi, na kira shi, ban ji numfashi ba. Na sa shi a mota da niyyar asibiti. Da na haye dutsen sai na ga fuskar Mama. In ce mata me? Ni na taka shi?" Ya share fuska da hannu. "Ban san na cire batiran ba sai da na ji mutane suna nuna murfin. Wani ya ce aikin bakanike ne. Ba ni na fara faɗa ba. Na ji, na kama."

"Jarkar kuma wa ya fara kawowa?" na ce. "'Ya'yana a saman shagon suke kwana. Ka sani. Ka sha saya musu alewa."

Bai dube ni ba. Sufeto ya tambaye shi me ya hana shi jefar da batiran tun da rana.

"Cike suke," ya ce. "Zai neme su in ya tashi."

Na waiwaya bakin ƙofa. Taron ya fara zarewa ta baya, ɗaya bayan ɗaya, babu mai kallon wani. Jarkokin suka bari a jikin katanga. Babu wanda ya ce mana yi haƙuri. Da aka fito da mijina, mutumin da baki ba ya rufuwa, bai ce uffan ba har muka isa gida. Ni na wanke fetur ɗin da ya ɗiga a dokin ƙofa, na wanke na sake wankewa, warin bai tafi ba.

Kawu ya hau babur ɗinsa. "Barkono, yajin ya dawo," ya ce. "Ki ajiye shi, kada ki zuba wa wanda bakinsa ya riga ya ƙone."

* * *

Shaho bai mutu ba. Ya buɗe ido, amma har yanzu bai yi magana ba, likitoci kuma ba su yi alkawarin komai ba. Wansa yana tsare. Ni kuwa na tanadi maganganu na jera su a raina don ranar da zan haɗu da mahaifiyarsu, kullum ina ƙara musu kaifi ina wankin sarƙa.

Rannan da rana ina ni kaɗai a shago ta shigo. Ta rame har mayafi ya yi mata yawa. Ba ta yi sallama da ƙarfi ba, ba ta kuma nemi gafara ba. Ta kwance gefen mayafinta ta ajiye batir biyu a kan teburin aiki. Yadda ta raba 'yan sanda da su ban sani ba.

"An ce in suka daɗe a ajiye suna mutuwa," ta ce. "Ni ban iya caji ba. Wanda ke yi masa ba ya nan."

Na dube ta. Duk maganganun nan suna bakina, a jere, da kaifinsu. Na ɗauki batiran na maƙala a caja, jar fitila ta kama.

"Zai daɗe, 'yata?"

"Sai jan nan ya koma kore, Mama."

Na jawo mata kujerar mijina na kaɗe. Ta zauna ta kafa wa fitilar ido, ni kuma na koma kan sarƙata, na rage ƙarar goga don kada in dame ta.